Jibirin da Kunyar Ƙarshe

Duk wanda ya noma tattasai a bakin Komadugu ya san Jibirin makanike, ya kuma san bakinsa. Ɗan 'yan kasuwar Damagaram ne, ubansa na da shagon atamfa a kasuwar Diffa, amma tun yana saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana auna yadi ba. Ya shiga garaji, ya fito da baƙaƙen farata da zafin rai, ya zama likitan injinan ban ruwa daga Diffa har Shetimari.

Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. In ya gama gyara, inji ya tashi yana ruri, ba ya ɗaukar jakarsa. Sai ya tattare wando ya bi magudanar ruwa da ƙafa har gonar ƙarshe, ya tsaya sai ruwa ya taɓa yatsunsa. Masu dariyar ba su san mafarin abin ba, kuma da sun sani da sun rufe bakinsu.

A shekarar 1998 ne, lokacin da tattasai ke fure, wata mata ta sauka daga motar kasuwa a ƙofar garajinsa. Sunanta Ya Kaltumi, mijinta ya rasu, kuma gonarta ce ta ƙarshe a magudanar wata koperatif, wato ƙungiyar manoma, kusa da Shetimari, inda gonaki goma sha huɗu ke shan ruwan inji ɗaya. Da Hausarta ta Barebari ta shaida masa kwana tara ke nan ruwa bai iso wurinta ba. Tattasan nan shi ne abincin gidanta na shekara, kuma furen ya fara zuba.

Jibirin ya tambaya ko injin ya mutu. Ta ce a'a, yana aiki, sai dai yana wani huci kamar tsoho a kan tudu, ruwan kuma yana ƙarewa a gona ta sha uku. Ta je wurin perzidan ɗin koperatif, wato shugabansu Ba Gana, sau uku, ya ce mata inji na tafiya, ta yi haƙuri. To ina ruwansa? Gonarsa ce ta farko, dab da bakin tiyo, har kwaɗi ke kuka a cikinta.

Ya ɗora ta a bayan babur suka tafi. Tun daga nesa ya ji sautin, fyat, fyat, fyat, ya san washar injekta ce ta saki, wato ɗan zoben jan ƙarfen da ke toshe tsakanin bakin mai da kan inji. In ta saki, ƙarfin inji ta nan yake tsiyayewa. Amma abin da ya gani da ya matso shi ya tayar masa da hankali. An jiƙa ƙaro, irin wanda ake liƙe tsagaggiyar ƙwarya da shi, an kwaɓa da laka an shafe wurin, sannan an naɗe da robar taya. Ƙaro a kan injin gazuwal, wato dizal! Zafi ya dafa shi ya koma baƙin dutse, gazuwal na tsattsafowa ta gefe, manyan mutane goma sha uku kuwa na zaune a inuwa suna yaba dabararsu.

Ranar Jibirin bai bar kowa ba. Ya ce musu inji ba ƙwaryar fura ba ce, ya ce ko jakinsu ne ke wannan hucin da tuni sun kira mai magani. Ba Gana ya gyara babbar riga ya ce ai ba su ga abin kiran makanike ba, tunda ruwa na zuwa.

"Yana zuwa wurin wa, Ba Gana?" in ji Jibirin. "Ka taka ka je ƙarshen magudanar nan ko sau ɗaya?"

Ba wanda ya taɓa zuwa a cikinsu.

Ya kashe injin, ya kwance bututun mai, ya yi ta ɓanɓarar ƙaron da sukudireba yana zagi ƙasa-ƙasa. Awa biyu ya ɗauka kafin injektar ta yarda ta fito. Washar ta baje ta ƙone gefe ɗaya, kuma ba shi da sabuwa daidai ita. Sai ya lalubo wata tsohuwa a jakarsa, ya janyo murhun shayin perzidan ba tare da neman izini ba, ya sauke butar, ya sa washar a garwashi har ta yi ja, ya tsoma ta a ruwa don ta yi taushi ta kama wurin zamanta. Ya goge ramin tas da tsumma a kan tsinke, ya mayar da komai, ya ɗaure kusoshin biyu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, ya fitar da iska daga bututun. Juyi biyu injin ya kama, hucin ya ɓace, ruwa ya cika tiyo da ƙarfi.

Mutanen inuwa suka fara sa masa albarka, bai ko waiwaye su ba. Ya bi ruwan yana tafiya tare da shi, ya wuce gona ta takwas, ta goma, ta sha biyu, duk kore shar. Ya Kaltumi na tsaye a bakin tata. Ruwan ya shiga kunyoyin da suka tsattsage, ya ɗago fararen furannin da suka zube, ya tafi da su a kansa. Jibirin ya duba shukar ɗaya bayan ɗaya yana neman ko fure guda ya rage, bai samu ba.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji ta. "Ruwan ya zo."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Zoben da bai kai girman kwabo ba, wanda da an kira shi ranar farko aikin rabin awa ne, shi ya cinye mata shekara. A daminar da ta biyo baya Ya Kaltumi ta bar gonar ta koma wurin 'yarta a Tumur.

Jibirin ya ƙara shekara goma yana yawon bakin kogi da jakarsa, kuma bai sake shan shayin wani perzidan ba. In an ce masa inji ya gyaru ya zo ya zauna, sai ya ce shi bai sani ba tukuna, ya tattare wando ya kama hanyar gonar ƙarshe.