Jiniyar Bompai

Maigidana ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Bompai, har ƙurar auduga ta zauna masa a ƙirji. Kullum da farin kai yake dawowa, in riƙa kaɗe masa ina kiransa tsoho. Wata damina tari ya kwantar da shi, numfashi ya gagara, aka kai shi asibiti a Nassarawa. Aka zura masa roba a maƙogwaro, inji yana yi masa numfashi.

Kwanakin nan kamar a mafarki na yi su. Ɗakin fari ne fat, ga sanyi, injin yana huci a hankali kamar saniya a kwance. Sai in zauna ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa da numfashin da ba nasa ba. Har haushi nake ji, mutumin da ko famfon keke bai yarda ya ara ba.

Likita ya ce min, "Hajiya, in ya daɗe a kan injin nan ƙirjin zai sangarce. In kuma muka cire da wuri, zai gaji ya kasa. Jira muke mu ga ya fara jan numfashi da kansa." Ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, amma tsoro bai bar ni na gyara masa ba.

Akwai wata sista 'yar Filato, mijinta ma leburan kamfanin fata ne a Challawa. Ita ce ke buɗe taga bayan azahar don iska ta shigo. Wata rana tana buɗewa sai jiniyar canjin aiki ta taso daga Bompai, can nesa, doguwa. Na ga yatsun ƙafar maigidana sun motsa. Ƙirjin ya ja numfashi kafin injin ya ba shi.

"Kin gani, 'yar'uwa?" in ji sistar. "Nawa ma haka yake, ko barci yake sai ya zabura."

Washegari likita ya zo ya tsaya tare da mu a bakin tagar. Jiniya ta yi kuka, ya gani da idonsa. Ya rage injin, ya daɗe yana kallo, yana taɓa jijiyar hannunsa. Bai yi min alkawarin komai ba. Sai da aka ƙara kwana ana gwadawa sannan suka zare robar.

Ya yi tari mai tsawo, ni kuwa na manta yadda ake numfashi. Can ya buɗe ido, ya dube ni, muryarsa a dishe.

"Na makara ko?"

Na ce masa bai makara ba, ya kwanta abinsa. Bai sake taka masaƙar ba har ya bar duniya, ita ma ta daɗe da rufewa. Amma har yau bayan azahar nakan buɗe taga in kasa kunne.