Kiredit Ɗin Inna Hure

Duk mai kiwon awaki tsakanin Ɗambatta da Kunci ya san Juwairiyya Sha'aban. Ko bai riƙe sunanta ba, ya san jakar ƙanƙarar nan da take ratayawa a kafaɗa, wadda allurar riga-kafin dabbobi ke ciki. Matan aure Likita suke ce mata. Sa'o'inta kuwa har yau Kiredit suke kiranta, kuma tana amsawa ba tare da ta ɗaure fuska ba. Kakarta ce ta ja mata sunan.

Mahaifinta, Malam Sha'aban, manomin gero da gyaɗa ne a wani ƙauye da gonaki suka haɗe da juna, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka shukar wani ba. Juwairiyya ce 'yarsa ta fari, kuma tun tana firamare ta cika wa kowa kunne cewa likita za ta zama. Ba cika baki ba ne kawai, yarinyar tana da kai. Lissafi da kimiyya ba sa ba ta wahala. Turanci ne dai suke 'yar tsama da shi tun aji ɗaya.

Shekarar da ta gama sakandare, sakamako ya fito ana tsakiyar damina. Ta shiga mota zuwa Ɗambatta, aka buga mata takardar a shagon kwamfuta. Komai ya yi kyau sai Turanci, wanda ta tsira da fas kawai. Duk ɗan makaranta kuwa ya san cewa idan ba kiredit a Turanci, babu jami'ar da za ta kalle ka.

Ta dawo gida, ta kashe 'yar wayarta don kada ƙawaye su kira, ta shige ɗakin kakarta ta kwanta. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zuwa rijiya, ko suna aka yi a maƙwabta ba a ganinta. Malam Sha'aban mutum ne mai sanyi, ya ce haka Allah ya so, a ƙyale ta ta huce. Ni a ganina wannan sanyin ne ya kusa kashe maganar karatun baki ɗaya, don ba wanda ya tsawata mata. Ana rajistar jarrabawar ƙarshen shekara, wadda waɗanda suka rasa darasi ke sake zama, lokaci yana ta tafiya. Juwairiyya ta san da haka sarai, amma kunyar fita ta fi ƙarfinta.

Kakar nan, Inna Hure, ita ta haifi Malam Sha'aban. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ga kiwon awaki da kaji, ba ta taɓa leƙa ajin boko ba, ba ta kuma ganin ta yi asarar komai. Da ta gaji da tsallake jika a tsakar ɗaki, sai ta tsare surukarta ta tambayi abin da ya sami yarinyar. Aka ce mata kiredit ɗin Turanci ne ba ta samu ba.

To, Inna Hure ta san kiredit. Duk lokacin da ta ce a kira mata autanta da ke Kano, sai a ce babu kiredit, a aika a sayo kati, a kankare, magana ta tafi. Ta riƙe haɓa tana mamakin mutanen gidan, wai a zauna ana kallon yarinya tana ramewa a kan abin da ake sayarwa a bakin titi. Ba ta shawarci kowa ba. Ranar kasuwar Ɗambatta ta kama jar kazarta mai yawan ƙwai, ta ɗaure mata ƙafafu, ta hau mota. Da ta sayar da kazar, sai ta nufi laimar mai katin waya.

"Ɗana, kiredit za ka ba ni," in ji ta, "amma na Turanci."

Mutumin ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Ta balbale shi da faɗa, ta ce jikarta ce ta gama sakandare aka ce shi ta rasa, ina abin dariya a nan? Ya share hawaye ya ce mata kati dai kati ne, da kowane yare ana magana da shi. Ta ce to madalla, ya miƙo. Ta ƙulle shi a bakin zane. Tsautsayi kuma, akwai 'yan ƙauyensu a wurin, don haka labari ya riga ta isa gida.

Juwairiyya ta ji shi ta kan katanga, daga bakin matan maƙwabta suna shewa. Da tsohuwar ta shigo ta kwance bakin zane ta miƙa mata katin tana murmushin wadda ta gama aiki, sai yarinyar ta fashe da kuka.

"Inna, kin gama da ni a garin nan. Ba irin wannan kiredit ɗin ba ne. Ba a sayar da shi."

"To a ina ake samunsa?"

"A ɗakin jarrabawa."

"An rushe ɗakin ne?"

"A'a. Ana sake zama a ƙarshen shekara."

Inna Hure ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "Au, ashe ɗakin yana nan, kika zo kika tare min nawa? To ji nan. Kazata ta riga ta tafi. Ko ki kankare katin nan ki kira wanda ya san hanyar ɗakin, ko ki tashi ki nemo min kazata."

Haushi ne ya sa Juwairiyya ta kunna wayar, ba wani ƙarfin hali ba, ita da kanta take faɗin haka. Ta sa katin, ta kira Malama Barira, wadda ta koyar da su Turanci. Malamar ta ce tun yaushe take neman lambarta a kashe, rajista ta kusa rufewa, gobe-goben nan ta zo. Malam Sha'aban da ya ga 'yarsa ta yafa mayafi, sai ya fitar da gyaɗa ya kai kasuwa don kuɗin rajista.

Fitar farko ita ce mai zafi. Daga ƙofar gida har bakin titi ana jefa mata "Kiredit", wasu a ɓoye, wasu a fili. Ta sunkuyar da kai ta wuce. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara amsawa da na'am, masu tsokanar suka rasa abin yi. Duk Asabar da Lahadi tana gidan Malama Barira, tana rubuta insha'i, ana ja mata jan biro, tana sakewa. Da sakamako ya fito, ga kiredit ɗinta a Turanci.

Likitancin mutane dai bai samu ba, makinta na jarrabawar shiga jami'a bai kai ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma wannan karon ba ta nemi ɗakin kowa ba. Malama Barira ta nuna mata wata hanyar: ta yi difloma a kan lafiyar dabbobi a kwalejin aikin gona, idan ta fita da sakamako mai kyau jami'a za ta ɗauke ta kai tsaye zuwa aji biyu. Da farko ta yatsine fuska, wai ita ce za ta ƙare a duba zawon awaki? Da ta shiga sai ta tarar hannunta ya daɗe da sanin aikin, don tun tana ƙarama ita ke riƙe wa Inna Hure akuya idan za a ɗura mata jiƙo.

Ta kuma gano abin da ya ba ta kasuwa. Awakin ƙauye na mata ne, a cikin gida suke ɗaure, ma'aikaci namiji kuwa iyakarsa zaure. Ita sallama kawai take yi ta shige har turke. Yanzu tana jami'a a Kano tana karanta kimiyyar dabbobi, duk hutu kuma tana gida da jakarta. Idan wata yarinya ta faɗi jarrabawa ta shige ɗaki, uwar wurin Juwairiyya take aikowa.

Inna Hure ta tsufa, idanu sun yi rauni, baki ne dai yana nan daram. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa ita ta sayo wa jikarta kiredit a kasuwar Ɗambatta, har mai katin yana mata dariyar rashin kunya. Wani ɗan uwansu mai digiri ya taɓa gyara zama zai yi mata bayani, Juwairiyya ta harare shi ta ce gaskiya Inna ta faɗa, ya bar ta.

Da ta fara samun na kanta, ta shiga kasuwa ta zaɓo jar kaza ƙosasshiya, ta kawo ta ajiye a gaban tsohuwar, ta ce ga bashinta. Inna Hure ta lalubi kazar, ta shafa bayanta, sannan ta tura mata abarta.

"Ɗauke kayarki," ta ce. "Ni kaza na bayar, na karɓi kaya, kayan kuma sun yi aiki. Ba na tayar da ciniki."