Doña Eulalia da ƙwayar da ta ƙi narkewa

"Ba zan sa hannu ba, Injiniya."

"Doña, sikeli ne ya faɗa. Ko shi ma kin fi shi sani?"

"Sikeli nauyi ya sani. Bai san abin da aka ɗora masa ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi wannan sa-in-sa a ɗakin gwajin mahaƙar garinmu, a Zacatecas, tsakanin Injiniya Rigoberto, shugaban rami, da Doña Eulalia Bañuelos, mai gwada dutse. Ya ba ta zuwa Juma'a: ko ta sa hannu a takardar sakamako, ko ta tuɓe rigar aiki.

Aikinta kullum ɗaya ne. Ƙarfe shida ta kunna tanderu, ta ajiye kofin gahawarta mai kirfa a gefe. A narka garin dutse da dalma, a ƙone dalmar, ƙwaya guda ta rage kamar ta gero. A jefa ta a ruwan asid. Azurfa ta narke, zinariya ta zauna, a auna abin da ya zauna.

Dutsenmu na azurfa ne tun kakanni. Ƙwayarmu narkewa take yi, sai ɗan baƙin gari a ƙasan kwalba, kuma ba wanda ya taɓa ganin wani abu daban. Sai aka ci karo da sabuwar jijiyar ma'adini a cikin dutse. Ƙwayoyinta suka shiga asid suka fito kusan yadda suka shiga. Aka ce zinariya ce zalla. Injiniya ya yanka akuya, ya shirya rufe tsohon rami ya mai da ma'aikatansa mutum arba'in zuwa sabon.

Ita ba ta ci naman ba. Launin ƙwayar ya yi mata fari-fari.

"Zauna in gaya maka, ɗana," ta ce wa Injiniya. "Zarrar zinariya da ta azurfa girmansu ɗaya, shi ya sa suke cakuɗa ba ka gane ba. Amma a cibiyar zarrar zinariya ƙananan ƙwayoyi saba'in da tara ne, ta azurfa arba'in da bakwai. Zinariya ta kusa ninka ta nauyi, ga rowa. Abin da ke kewaye da ita ta ƙanƙame, asid ba ya ƙwata. Azurfa kuwa, a taɓa ta saki. In zinariya ta yi yawa a ƙwaya, sai ta yi wa azurfa katanga. Azurfar na ciki, lafiya lau."

"Na zo neman sa hannu, kin buɗe mini makaranta."

"Kyauta ma."

Ta ƙara wa kowace ƙwaya azurfa ninki uku, ta sake narkawa ta jefa a asid, katangar ta rushe. Kusan rabin nauyin da aka ce zinariya ce ya bi ruwa. Injiniya ya ce tsufa ne. Ran Juma'a ta rataye rigar, ta tafi rumfar ƙanwarta tana gasa wainar masara.

Mako biyu ta yi a can kafin sakamakon dutsen da aka aika ɗakin gwajin birni ya dawo. Nata da nasu, kamar an kwafa. Masu cin waina sun shaida: Injiniya ya zo da rigar a ninke, hularsa a hannu.

"Doña, a yi haƙuri."

"Mai wake ko mai cuku? Ka fara ci, ka rame."

Ba a rufe tsohon rami ba. Har yau yana ciyar da gidaje arba'in, har da namu.

Ke ce, Doña, wadda aka kora don gaskiya aka dawo da ita don gaskiyar. Ke ce mai idon da ya riga sikeli. Shekara talatin da huɗu a gaban wuta, ba ki taɓa sa sunanki a kan abin da ba ki gani ba. Mun gode. Masu tasowa, ga hanya nan, a bi.

Asabar da ta wuce aka yi mata walimar ajiye aiki. Mutum arba'in ɗin suka miƙe, tafi ya ƙi ƙarewa, Injiniya da furfurarsa a sahun gaba. Ta bari aka lafa. Ta ajiye hantsakinta a tebur, ta dubi ma'aikatan ɗakin gwaji ɗaya bayan ɗaya.

"To, ran da aka sake ba da wa'adin Juma'a, wa zai rataye riga a cikinku?"