Kwarin Baƙi

Tsufa ya kwashe mini haƙora, ya kwashe sunayen rabin mutanen da na sani, amma ranar da malamin jami'a ya zauna yana sauraron ta bakina a kan dangin tarwaɗa, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Ni 'yar masunta ce. Da bandar kifi na ci na sha a kasuwar Birnin Gwari har bayana ya ranƙwafa, boko kuwa ko ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba. Jikata ce ta yi nisa. Malaminta masanin kifin teku ne, aikinsa ya duba jinin kifi ya ce waɗannan suna auratayya, waɗancan sun rabu tun kaka da kakanni. Ita kuma ta ce a ruwan garinsu za ta gwada. Lokacin ana iya shiga daji. Ta yanko bakin wutsiyar tarwaɗa ta zuba a ƙananan kwalabe daga wuri uku: kogi, da tafkin da ke dab da kogin, da wani tafki can cikin daji ta wajen Damari.

Da ta dawo hutu na ga yarinya ta rame. Na ajiye mata tuwo, ta ture. Sai da na matsa ta ce gwaji ya fito a juye. Kifin tafkin nesa jininsu ɗaya da na kogi, na tafkin kusa kuwa sun ware kamar ba su taɓa ganin kogin ba. Malamin ya ce ta rikita kwalabe ne, ko ta sake ɗebowa ko aikin ya tashi a banza. Daji kuwa ya riga ya zama abin da ya zama, ko maharbi ba ya dosar wajen. Wahalar shekaru ke nan za ta zube.

Na ce ta maimaita mini a hankali. Ta ce, "Kaka, wannan fa ba maganar banda ba ce."

Na ce, "Ke a kwalba kika san kifi, ni a hannu na san shi. Kira mini malamin nan."

Ta yi ta noƙewa, sai washegari da hantsi ta kira. Mutumin kirki ne, ya gaishe ni da Mama, amma ina jin muryar wanda ke sauraro don ladabi kawai. Na ce masa tafkin kusa akwai doron dutse tsakaninsa da kogi, duk cikar da kogin zai yi ban taɓa ganin ya haye ba. Mahaifina 'yan auren gida yake ce wa kifinsa. Manyan kawuna gare su, jiki ba auki, ko a kan banda ba sa ɗigar da mai. Tafkin nesa kuwa akwai wani busasshen kwari da shanun Fulani ke bi da rani, mu Kwarin Baƙi muke ce masa. Ba kowace damina ba, sai shekarar da ruwa ya yi gyara sosai, kogi zai tumbatsa ya bi kwarin nan, tarwaɗa su hau da ƙwai a cikinsu har tafkin. Shekarar nan sarkin ruwa yakan hana kamun kifi a wurin, don ba a taɓa baƙo sai ya sauke kayansa.

Sai ya tambaye ni inda bakin kwarin yake. Na kwatanta masa tun daga tsamiyoyi biyu har fadamar da muke yankar kaba. Ya ce akwai hotunan ƙasa da ake ɗauka daga sama, zai duba na shekarun baya.

Bayan kwana biyu ya kira da kansa. Ya ce ya ga kwarin, siririn ruwa kamar zare, a daminar ruwa mai yawa kaɗai yake fitowa. Ya ce a teku ya san haka, ruwa mai gudu yakan kai ƙwan kifi wata duniya ya tsallake maƙwabta, amma bai kawo wa ransa zai same shi a dajinmu ba. Ina ji ya ce wa jikata, "Ki yafe mini, kwalabenki daidai suke."

Yarinyar nan ta ajiye waya ta kifa kanta a cinyata. Na ce ta ɗaga, sauran ƙashin da ya rage mini ne take son karyawa. Ta ci jarrabawarta, kuma a cikin littafin ta rubuta Kwarin Baƙi da Hausa, yadda na faɗe shi.

Tun ina yarinya nake jin ana cewa zumunci a ƙafa yake, sai da na tsufa na ga har kifi a kan haka yake. Maƙwabcin da dutse ya raba ku bare ne, na nesa da hanya ta haɗa ku shi ne jininka. Kuma in ka ga abu ya fito a juye, kafin ka kira shi kuskure, nemi wanda ya tsufa a wurin ka tambaye shi.