Tallafin Da Na Hana Jikata Yi Wa Ciniki

Edita, ni tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu da ke Kagoro. A makarantar mishan na tashi, inda ake liƙa sakamakon jarrabawa a jikin ƙofa, na ɗaya a sama, na ƙarshe a ƙasa. Wanda ya zo na ɗaya shi ake ɗauke wa kuɗin makaranta, ba sai ya buɗe baki ba. Da wannan ma'auni na hori 'ya'yan mutane, da shi kuma na reni jikata tun rasuwar mahaifinta. Ko takardar neman hutu ba ta taɓa aikawa ba sai jan birona ya bi ta kanta.

Tana aiki a wani banki a Kafanchan sa'ad da ta nemi digiri na biyu a fannin kasuwanci a ƙasar waje. Makarantu biyu suka ɗauke ta. Wadda ta fi so ta ba ta abin da suka kira tallafin cancanta, wato yafe rabin kuɗin karatu. Ɗayar ta yafe fiye da haka. Sai yarinyar ta zo ta durƙusa ta ce mini, Kaka, abokin aikinta ya ba ta shawara ta nuna wa makaranta ta farko tayin ta biyu, ta roƙa su ƙara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye ta ko makaranta ta zama kasuwar citta ta Kachia ne da za a tsaya ana taye ana albarka. Na ce alheri ba a yi masa ciniki, kuma mutumin kirki ba ya riƙe ƙofa biyu. Ta yi murmushi ta ce ai karatun ciniki za ta je yi, Kaka. Ban yi dariya ba. Na sa ta rubuta wa ta biyu cewa ba za ta zo ba, ta rubuta wa ta farko godiya, na kuma gyara mata duka biyun. Na yi mata alkawari cewa gonar cittarmu za ta cike ragowar.

A wannan damina cittar ta ruɓe a ƙasa. Wa'adin biya ya zo ya wuce, aka ba wani gurbinta. Na ɗauka jarrabawa ce daga Ubangiji, har sai da ta gaya mini, murya a sanyaye, cewa abokin aikin nan nata, wanda makinsa bai kai nata ba, ya tafi wannan makarantar kusan kyauta. Abin da na hana ta shi ya yi.

Na kira wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a jami'a, ina tsammanin zai ce an yi maguɗi. Ya ce Baba, babu maguɗi, haka tsarin yake a irin waɗannan makarantu da yawa. Suna duba maki, suna duba aikin da mutum ya yi, amma babban amfanin kuɗin shi ne jawo ɗalibin da suke tsoron wata makaranta za ta ƙwace musu. Wanda ya yi godiya tun a tayin farko ya riga ya shiga hannu, to me zai sa a ƙara masa? Har ya ce da ta tambaya cikin ladabi, mafi munin abin da za ta ji shi ne a'a. Na ce masa to me ya sa suke kiransa cancanta? Ya ce shi ma a ajina ya koyi ma'anar kalmar.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Sun ari kalmar da na ba wa rayuwata, sun lulluɓe ciniki da ita. Da sun kira shi rangwame, da ni da kaina zan raka ta tayawa, domin ban taɓa sayen ko akuya a farashin farko ba. Masu gaskata kalma kamar yadda aka rubuta ta su ne tsarin ke cuta, masu sanin abin da ke bayan labule kuma su wuce.

Ina gargaɗin iyaye, musamman tsofaffin malamai irina. In an ba ɗanku tallafi, ku bar shi ya yi godiya, ya kuma tambaya ko akwai ƙari, kada ya rufe wata ƙofa kafin ya ji amsa. Tambaya ba roƙo ba ce.

Jikata tana nan a bankin. Duk Lahadi takan zo da maganina, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Na ji a bakin mutane cewa ta sake nema bana. Takardun ba su biyo ta teburina ba, jan biron kuwa ya bushe a aljihun rigata.