Ranar da Hajiya Ta Je Sulhu a Talabijin

Lokacin ina jami'a a Manchester, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya bikin alfahari da al'ada a Birmingham. Na tafi da Hajiyar da nake haya a gidanta a Whalley Range, 'yar Ghana, ta ci ado kamar uwar amarya. Muka tarar da mutum tara, da shinkafa mai sanyi, da lasifikar da ta ƙi magana. Shugaba ya yi dogon jawabi kan kunya, yana gamawa duk muka koma gaban talabijin, kallon shirin nan da ake tara baƙi a gida ɗaya a sa musu kyamara.

Wata budurwa ce ke ta kuka, saurayinta ya koma wa wata a gaban duk Ingila.

"Yaran nan ba su da manya ne?" in ji Hajiya. Ita ce fa ake kira sulhu duk auren da ya fara tangal-tangal a unguwar Cheetham Hill ta Manchester.

Sai lamba ta fito ƙarƙashin hoton yarinyar. Hajiya ta fizge wayata ta buga: "My daughter, haƙuri ake yi..." Na'ura ta yi godiya ta katse. Ranta ya ɓaci, ta sake bugawa, har sau bakwai.

Na kasa gaya mata cewa lambar ta zaɓen wanda za a kora ce. Da aka fito da yarinyar tana jan akwati, Hajiya ta gyara mayafi ta dube ni.

"Kin gani ko? Da ta saurare ni, da yanzu tana ɗakinta."