Farin Garin Zoɓo a Kokon Inna

Komai tsufan da zan yi, safiyar wata Alhamis ta shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ba za ta fita daga raina ba.

Maiɗakina tana yin zoɓo ana kai mata kasuwar Maigatari. Da bazara, kafin la'asar zoɓon yakan yi tsami, don haka aka sayo mata wani farin gari a Gumel, wanda ake barbaɗa ɗan kaɗan a babbar jarka ya hana zoɓon lalacewa. A leda aka ƙullo shi, ita kuma ta jefa cikin gwangwanin sukari da gishiri, inda kowane ƙulli yake zama a gidanmu.

Mahaifiyata Inna idonta ya yi rauni, ga ciwon asma. Ran nan ta laluba gwangwanin ta zuba garin a kokonta, tana zaton sukari ne. Ta ji ɗanɗano ya sauya, amma ita ba ta zubar da abinci, ta shanye.

Ina goge babur a zaure na ji maiɗakina ta ƙwala kira: "Malam, zo! Inna ce!"

Na tarar da ita tana amai, numfashinta yana fita kamar ana busa usur. Maiɗakina ta ɗago ledar garin ta nuna mini. Na ɗora Inna a babur, na ɗaure ta a bayana da rawani, na kama hanyar Gumel cikin rairayi. Duk sanda na daina jin numfashinta a wuyana sai na ce, "Inna?" Sai ta matsa mini ciki da yatsa. Har yau ina jin wurin.

A asibiti aka sa mata abin shaƙa. Sai wajen azahar ƙirjinta ya saki. Malamin asibiti ya ce garin ba guba ba ne in an sa daidai ƙima, amma yawansa yana ɓata ciki, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa.

Da muka dawo na sami wani gwangwani, na sa ƙullin garin a ciki, na rubuta a jikinsa a hankali: BA SUKARI BA NE. Inna ta shafa rubutun ta ce, "Sannu, ɗan boko. To wa zai karanta mini?"

Sai na ɗaura masa igiya, na rataye shi can sama inda hannunta ba ya kaiwa. Ranar na koyi cewa abin da ba a ci da cokali ba ya kwana da abinci, kuma gargaɗi sai ya isa ga wanda aka yi dominsa.